Kafin Ka Sayi Sabon Kan Allura, Saita Hannun Da Kake Da Shi

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma masu son su ajiye su riƙa dubawa suna aiki. Yau maganar na'urar faifai za mu yi, wadda iyayenmu ke kira garmaho, kuma ba dukkan na'urar ba, ɓangare ɗaya tak: hannun da ke ɗauke da allura.

Na san wani zai ce, yanzu a zamanin Audiomack da Spotify wa ke ta faifai? To ai faifai ya dawo. A shekarar 2022, a Amurka, an sayar da faifan roba fiye da CD a ƙidaya, karo na farko tun 1987. Mawaƙin Nijar Mdou Moctar, kundinsa Afrique Victime na 2021 ya fito a faifai. Kiɗan Mamman Sani na 1978, wanda a kaset ya fara fita, kamfanin Sahel Sounds ya buga shi a faifai a 2013. Sannan akwai abin da ya fi damuna: gidaje da yawa akwai tsofaffin fayafayan Shata da na Ɗan Maraya Jos a ƙarƙashin gado ko a cikin adaka. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Wani faifan da ke gidanku, in ya lalace, ba lallai ka samu wani a kasuwa ba.

Shi kuwa faifai ba kamar waƙar waya ba ne. Duk sanda ka kunna shi, akwai ɗan dutsen daiman da ke tafiya a cikin robarsa, jiki da jiki. In hannun da ke riƙe da dutsen nan yana kan daidai, faifan zai daɗe, jikokinka ma su ji. In ba ya kan daidai, kowane kunnawa yana ɗan kankare shi, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Shi ya sa maganata a yau guda ɗaya ce: saiti kafin sayayya. Yawancin abin da mutane ke kashe kuɗi suna nema a sabon kan allura ko wayar azurfa, yana nan kwance a cikin notocin da ke jikin hannun, kyauta, jira kawai yake a juya su daidai.

Bari mu fara da sanin sunayen abubuwa, don kada in riƙa magana ina barinku a baya. Zan ɗauki Technics SL-1200 a matsayin misali, don ita ce wadda za ka fi gani a hannun masu DJ da wajen 'yan gwanjo. An fara yin ta a 1972, samfurin MK2 da ya fi shahara ya fito a 1979, aka daina yi a 2010, aka dawo da ita a 2016. Hannunta mai siffar harafin S ne. A can baya akwai kafaɗa, inda boris yake, wurin da hannun ke juyawa sama da ƙasa, hagu da dama. Bayan kafaɗar akwai wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ni dutsen baya nake ce masa. A gaba akwai tafin hannu, wanda ake iya kwancewa, kuma a jikinsa ake ɗaure kan allura, wato katirij, da noti biyu. Daga cikin kan akwai ɗan siririn tsinke da ya fito, a ƙarshensa daiman ɗin yake.

Shi kuma faifai, ka ɗauke shi kamar gona mai kwari ɗaya tal, wanda ya nannaɗe tun daga baki har ciki. Kwarin yana da bango biyu. Tun da aka fara sayar da faifan sitiriyo a 1958, bangon da ke wajen tsakiya shi ke ɗauke da sautin sifikar hagu, bangon da ke wajen baki kuma na dama. Aikin hannu shi ne ya riƙe allura a tsakiyar kwarin nan, ta taɓa bangon biyu daidai wa daida, ba tare da shi hannun ya sa baki a cikin waƙar ba. Kun ga aikin ba yawa, amma awonsa na milimita ne da ɓarin giram.

Kafin ka taɓa komai, abu biyu. Na farko, teburin. Samo ma'aunin nan na magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa, ka ɗora a kan farantin da ke juyawa, ka duba gaba da baya, ka duba hagu da dama. Ƙafafun SL-1200 ana murɗa su, sai ka murɗa har ƙwayar ta tsaya a tsakiya. In na'ura ta karkace, duk saitin da za ka yi bayan nan aikin banza ne, don hannun zai riƙa gangarawa gefe guda. Na biyu, boris. Ka riƙe hannun da yatsa biyu kusa da kafaɗa, ka ɗan ja gaba ka tura baya a hankali. Bai kamata ka ji ƙwas-ƙwas ba. In ka ji, boris ya saki. In kuma hannun yana cijewa a wani wuri sanda kake kai shi ciki, an matse shi fiye da kima ko ya ji rauni. Wannan ba aikin sukurudireban kicin ba ne, a kai wa wanda ya san aikin, don boris ɗin hannu in aka matse shi ya lotsa, ya tafi kenan.

To, saiti na farko: nauyin da allura ke dannawa. Ka mayar da ɗan maɓallin da aka rubuta Anti-Skating a jikinsa zuwa sifili, za mu dawo kansa. Ka cire murfin allura, ka sauke sandar ɗaga hannu, kana riƙe da shi kada ya faɗi. Sai ka riƙa murɗa dutsen baya har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, kamar sikelin da ya daidaita. Yauwa. Yanzu ka riƙe dutsen kada ya motsa, ka juya zoben lambobin da ke gabansa kaɗai har sifili ya zo kan layi. Daga nan sai ka murɗa dutsen gaba ɗaya, shi da zoben, ya matso gaba har ka kai lambar da kamfanin kan allurarka ya faɗa. Audio-Technica AT-VM95E giram 2.0 take so. Ortofon 2M Red giram 1.8. Denon DL-103 giram 2.5.

Zoben nan ƙiyasi ne kawai. In kana son tabbaci, nemi ɗan sikelin dijital mai auna 0.01 na giram, irin na masu sayar da zinare. Amma a kula da abu biyu: kan allura akwai maganaɗisu a ciki, in farantin sikelin ƙarfe ne mai kama maganaɗisu zai ba ka lambar ƙarya, har ma ya fizgo allurar. Sannan a auna a daidai tsayin da faifai yake zama, ba can sama ba.

Nan ne mutane da yawa ke tafka kuskure ta fuska biyu. Wasu in faifai yana tsalle sai su ɗora kwabo a kan tafin hannu, nauyi ya ninka sau biyu ko uku, tsinken ya durƙushe. Wannan kowa ya san ɓarna ce. Amma akwai masu tausayi, waɗanda ke rage nauyin zuwa giram ɗaya wai don kada faifai ya ci. Wallahi wannan ma ɓarna ce, wani lokacin ta fi ta farkon. In nauyi ya yi kaɗan, da an zo wurin da kalangu ya buga da ƙarfi ko mawaƙi ya ɗaga murya, allurar sai ta saki bango ta dawo ta buge shi, ta sake saki ta sake bugu. Kai abin da za ka ji shi ne ƙirƙir a cikin muryar, amma a cikin kwarin sassaƙa ake yi. In kamfani ya ce tsakanin 1.8 da 2.2, ka zauna a tsakiya ko ka ɗan haura, kada ka sauka ƙasa da abin da suka faɗa.

Saiti na biyu shi ne wanda ya fi cin rai, kuma shi ya fi biya: daidaita kan allura da kwarin. Ga matsalar. Injin da ke yanka faifai a masana'anta a miƙe yake tafiya, daga baki zuwa tsakiya. Hannunka kuwa daga kafaɗa yake juyawa, saboda haka baka yake zanawa, ba miƙaƙƙen layi ba. Ke nan a mafi yawan wurare allurar tana ɗan kallon gefe. An lanƙwasa hannun ne, aka kuma sa allurar ta ɗan zarce ƙusar tsakiya, don a rage wannan karkata. A SL-1200, daga kafaɗa zuwa ƙusar tsakiya milimita 215 ne, daga kafaɗa zuwa bakin allura 230, zarcewar 15 kenan, lanƙwasar kuma digiri 22. Da wannan dabara ana samun wurare biyu kacal a faɗin faifan inda allura ke kallon kwarin sak.

A ina za a ajiye wuraren nan biyu? Masana lissafi sun daɗe da yin aikin. Löfgren ya fitar da nasa a 1938, Baerwald a 1941, Stevenson a 1966. Tsarin da ake kira na Baerwald yana sa su a milimita 66.0 da 120.9 daga tsakiya, yana raba kuskuren daidai a ko'ina. Na Stevenson yana sa su a 60.3 da 117.4, wato ya fifita waƙar ƙarshe. Me ya sa waƙar ƙarshe ke neman gata? Faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, ko a baki ko a ciki. A baki, kwarin yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 51 a daƙiƙa. A can ciki kuwa kusan santimita 21 ne. Waƙa ɗaya, wuri bai kai rabi ba, sai lanƙwashe-lanƙwashen kwarin su matse. Shi ya sa in saiti ya baci, waƙar farko za ta yi daɗi, ta ƙarshe kuma harafin "s" ya koma "shhh" kamar ana soya ƙosai.

Yadda za ka yi: Technics sun sauƙaƙa. Daga inda tafin hannu ke haɗuwa da bututun hannu zuwa bakin allura, milimita 52 ne, kan kuma ya miƙe sambal da tafin. Akwai ɗan farin ma'aunin roba da ke zuwa da na'urar don haka. In ya ɓace, rula mai kyau ta isa. In kuma Baerwald kake so, sai ka sauke takardar awo daga intanet ka buga. A wajen bugawa ka ce musu girman ɗari bisa ɗari, kada kwamfuta ta rage, kuma ka auna da rula ka tabbatar. Cire wuta daga na'urar, ka sa takardar a ƙusar tsakiya, ka sassauta notocin kai kaɗan. Ka ɗora allura a ɗigo na farko, ka duƙa ka duba daga gaba: tsinken ya bi layin takardar? Ka kai ɗigo na biyu ka sake dubawa. A SL-1200 za ka ga sai ka turo kan gaba da milimita biyu zuwa uku, ka ɗan murɗa shi ciki. Tsinken za ka bi da ido, ba jikin kan ba, don wani lokacin tsinken ba ya fitowa a miƙe. In duka biyu sun yi, ka ɗaure notocin, amma ba ɗaurin tayar mota ba. Wanne tsari ya fi? Ni dai a ganina, duk wanda ka yi shi daidai ya fi wanda ka yi rabi da rabi.

Saiti na uku: tsayin kafaɗa. Ka ɗora faifai, ka sauke allura, ka duƙa ka kalli hannun daga gefe. Ana so ya kwanta daidai da fuskar faifan, kada gindinsa ya ɗaga ko ya zauna. SL-1200 tana da babban zobe a gindin hannu mai lamba 0 zuwa 6, milimita kenan, da ɗan makulli da sai ka buɗe kafin ka juya. Yawanci in gindin ya yi sama, sauti yakan yi kaifi da siranta. In ya yi ƙasa, ya yi kauri ya dushe. Amma kada wannan ya hana ka barci. A hannu mai tsawon milimita 230, sai ka ɗaga milimita 4 cur kafin kusurwar allura ta canza da digiri ɗaya. Masu canza tsayi don kowane faifai, sha'awarsu ce, ba dole ba ce. Abin da ya kamata ka tuna shi ne, in ka canza shimfiɗar faranti, misali ka cire robar Technics mai kauri ka sa siririn ƙyallen DJ, tsayi ya canza, sai a sake dubawa.

Tare da shi akwai duban gaba. Samo ɗan siririn madubi ka ɗora a faranti, ka sauke allura a kai a hankali, ka kalla daga gaba. Kan da hotonsa su haɗu a miƙe, kada su yi kamar baki ya karkace. In allura ta jingina gefe, tana danna bango ɗaya fiye da ɗaya, sautin hagu ya riƙa tsallakawa dama. Tafin hannun Technics yakan ɗan yi wasa kafin a ɗaure zoben, to ka daidaita shi sannan ka ɗaure.

Saiti na huɗu: maganin zamiya, wato maɓallin nan da muka mayar sifili. Saboda lanƙwasar hannu, gogayyar allura da kwari ba ta jan hannun kai tsaye zuwa kafaɗa, sai ta riƙa fizgarsa zuwa tsakiyar faifai. Allura sai ta jingina da bangon ciki, ta yi sako-sako da na waje. Maɓallin nan ɗan sifirin ne da ke jan hannun waje don a rama. Farawa mai sauƙi: in nauyinka giram 2 ne, sa shi a 2. Sannan ka saurara a wurin da waƙa ta fi ƙarfi. In ƙirƙir yana fitowa ta sifikar dama, ƙara kaɗan. In ta hagu ne, rage. Kada ka nemi cikakkiyar lamba, babu ita, don ƙarfin zamiyar yana canzawa daga baki zuwa ciki, yana canzawa da ƙarfin kiɗa. Bayan duk wannan, koma ka sake auna nauyi, tunda ka matsar da kan allura gaba ko baya, awon farko ya tashi.

To, yanzu mu zo kan gyare-gyaren da ke cin kuɗi. Wanda ya fi muhimmanci ba a ganinsa da ido: dacewar nauyin hannu da laushin allura. Tsinken nan a cikin wata 'yar roba yake zaune, kamar shokazoba. Hannu da kai su ne jikin motar. Kowace mota akwai gudun da in ta hau gargada take fara rawa, haka shi ma hannu akwai inda yake rawa. Ana so rawar ta faɗa tsakanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. Dalili? Ƙasa da haka nan ne lanƙwasar faifai da takun mutane a ɗaki suke. Sama da haka kuma, daga wajen sau 20, kiɗa ya fara. Ana so a ɓoye rawar a tsakani, inda ba mai tsokanarta.

Lissafin ba wuya, ɗauko kalkuletar wayarka. Hannun SL-1200 da tafinsa giram 12 ne a lissafin kamfani. Ortofon 2M Red giram 7.2. Notoci, mu ce 0.8. Jimla 20. Laushin 2M Red a takardarta 20 ne. 20 sau 20, 400. Danna alamar √, ka samu 20. Raba 159 da 20, ka samu kusan 8. Ta shiga, amma a bakin ƙofa take. Yanzu a ce wani ya ba ka shawara ka sayi tafin hannu mai nauyi, wanda ya ɗara naka da giram 8, wai ya fi ba da bes. Jimla ta koma 28, lissafi ya sauko wajen 6.7. Me za ka gani? Bakin sifika yana shiga yana fita kamar mai haki ko da waƙa ba ta fara ba, kuma da yaro ya ruga a ɗaki allura ta yi tsalle. Ka biya kuɗi ka sayo matsala. Amma wannan tafin mai nauyi, in kan mai tauri ne kamar Denon DL-103, wanda aka yi don gidajen rediyon Japan, shi ne abin da yake so. Ke nan ba a cewa wannan tafin ya fi wancan, sai an san da wa za a haɗa shi. Ƙarin bayani ɗaya: kamfanonin Japan da yawa suna auna laushi ne a sau 100 a daƙiƙa, ba 10 ba, don haka lambarsu takan fito ƙarama, masu lissafi kan ninka ta da ɗaya da rabi zuwa biyu kafin su yi aiki da ita.

Gyara na biyu shi ne kwantar da rawar da man silikon. Kamfanin KAB na Amurka yana yin wani ɗan kwano da ake ɗaurawa a gindin hannun SL-1200, da ɗan filafili da ke nutsewa a cikin man. Hannu yana tafiya a hankali ba abin da ya hana shi, amma in ya zo yin rawa man ya riƙe shi. Ga mai tsofaffin fayafayan da zafi ya ɗan lanƙwasa, wannan gyara ne mai ma'ana, kuma ana iya cire shi a mayar da na'ura yadda take. Sai dai a ƙasarmu ta hunturu, man da ke buɗe maganaɗisun ƙura ne, dole a riƙa rufe na'ura.

Na uku, waya. Nan ne ake yawan cika baki. Sautin da ke fitowa daga kan allura ɗan mitsitsi ne, 2M Red milibolt 5.5, DL-103 kuwa 0.3 kacal. Don haka datti ko tsatsa a mahaɗa ya fi komai illa. Ka fara da goge ƙananan filogai huɗun da ke bayan kai: fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama. Da hantsaki ake cire su, ba da yatsa ba, kuma kada a kuskura a kai dalma mai zafi jikin kan allura. In kana jin "huuum" a sifika, kafin ka zargi hannu duba siririyar wayar ƙasa ko an ɗaura ta a notin da ke bayan amfilifaya. Kuma kada ka ƙara wa wayar na'ura tsawo da jone-jone, doguwar waya tana sauya siririn sauti a irin waɗannan kawunan. Sake wayar cikin bututu gaba ɗaya yana da amfani in tsohuwar ta tsinke ko ta bushe. In lafiyarta ƙalau, ribar kaɗan ce, haɗarin kuma babba: in sabuwar ta fi tauri, sai ta riƙa riƙe hannun a kafaɗa, ka gyara sauti a baki ka ɓata shi a aikace.

Masu na'urar Rega, ban manta da ku ba. Hannun RB300 da ya fito a 1983 bututunsa da tafinsa zubi ɗaya ne, ba mahaɗa, shi ne ƙarfinsa. Amma ba shi da zoben tsayi, sai dai a sa 'yan zobban ƙarfe na milimita 2 a ƙarƙashinsa in kan allurar dogo ne. Kamfanonin Ingila irin su Michell da Origin Live sun yi suna wajen sauya dutsen baya da gindin hannayen Rega, inda ake saukar da nauyin ƙasa kusa da tsayin allura. Gyara ne na gaske, amma shi ma bayan saiti yake zuwa.

Gargaɗi biyu kafin mu rufe. In faifan da ka samu a gida mai kauri ne, mai nauyi, mai fashewa kamar tangaran, wanda aka rubuta 78 a jikinsa, wannan na tsohuwar garmaho ne. Kwarinsa ya fi faɗi nesa ba kusa ba, allurarsa daban ce, gudunsa ma daban, SL-1200 MK2 ba ta da shi. Kada ka sa masa allurar zamani. Na biyu, allura tana tsufa. Gwargwadon irin bakinta, daga awa 300 zuwa 1,000 ake ƙiyastawa, ƙura kuma tana rage kwananta. In ka sayi na'ura ta hannu, ba ka san awa nawa allurar ta yi ba, ka canza ta kafin ka ɗora faifan da kake ji da shi. A cikin duk kashe kuɗin da muka lissafa, wannan ne kaɗai nake cewa kada a jinkirta.

Yadda nake ba da shawara a yi aikin: ware faifai ɗaya da ka san shi ciki da waje, wanda kuma in wani abu ya same shi ba za ka yi kuka ba. Da shi za ka riƙa gwaji, musamman waƙar ƙarshe. Canza abu ɗaya, saurara, rubuta a takarda. In ka canza uku a lokaci guda, ko sauti ya gyaru ba ka san wa za ka gode wa ba. Kuma in kunne ya gaji, a bari sai gobe, gajiyayyen kunne komai sabo daɗi yake masa.

Duk kayan aikin nan, ma'aunin magina, rula, madubi, takardar awo da ɗan sikeli, ba su da tsada. Yammaci ɗaya ya ishe ka. In ka gama ka ji har yanzu akwai abin da ya rage, to a lokacin ne za ka san takamaimai abin da za ka saya, da dalilin sayensa.

Nan za mu dakata. Wanda ke da na'ura a gida, ya rubuto mana sunanta da irin kan allurar da ke kai a wajen sharhi, mu yi lissafin tare. Wanda kuma ya san gidan da ake da tsofaffin fayafayai, don Allah ya tura musu wannan rubutu kafin wani ya ɗora kwabo. A jingine fayafayai a tsaye, nesa da rana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.